Tsaurara tantancewa a kwaikwayon IOAPIC: ya halatta a ƙi abin da aka daɗe ana karɓa?

Bazazzagi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar kwamfutocin kwaikwayo, domin wata matsala ta raba kanmu ni da abokin aikina, kuma kowannenmu yana ganin hujjarsa ce ta fi ƙarfi.

A wurin aikinmu muna da wata ƙaramar manhaja da muka rubuta da hannunmu, wadda take tayar da kwamfutocin kwaikwayo a kan KVM, wato ɓangaren kanel ɗin Linux da yake gudanar da su. Mun bi tsarin raba aiki wanda ya shigo da Linux 4.4, inda APIC, wato mai karɓar siginar katsewa ta kowace furosesa, take zama a cikin kanel, mu kuma muka ɗauki nauyin kwaikwayon IOAPIC a wajensa. Ga wanda bai saba ba, IOAPIC ita ce na'urar da take karɓar siginar katsewa daga kayan aiki irin su katin sadarwa ko faifai, ta duba jadawalinta mai layi 24, ta gano furosesar da za a aika wa saƙon da lambar katsewar da za a aika da ita. Kowane layi na jadawalin bit 64 ne.

Tun farko kwaikwayonmu yana karɓar duk abin da baƙo, wato tsarin aikin da yake gudana a cikin kwamfutar kwaikwayo, ya rubuta a jadawalin, ya adana shi kamar yadda ya zo, ba tare da ya duba komai ba. Da na zauna na karanta takardar bayanin Intel 82093AA, wato IOAPIC ta gaske, ta shekarar 1996, sai na ga cewa lambar katsewa tana inganta ne daga 0x10 zuwa 0xFE, nau'in isarwa na 3 da na 6 keɓaɓɓu ne, wato ba a ba su wani aiki ba, haka ma bit na 17 zuwa na 55. Na rubuta faci wanda yake watsi da duk rubutun baƙo da ya saɓa wa ɗaya daga cikin waɗannan, kuma yake ƙin maido da adanannen yanayi, wato halin da baƙo yake ciki wanda aka ajiye a fayil, idan ya tarar da keɓaɓɓen nau'in isarwa ko keɓaɓɓen bit a kunne a cikinsa.

A gwaji abu biyu suka faru. Wani baƙo na Linux ya cije a wajen sake tashi, sannan wasu daga cikin yanayoyin da tsohuwar sigarmu ta adana suka ƙi dawowa. Abokin aikina ya ce a janye facin gaba ɗaya, domin abin da yake aiki jiya bai kamata ya daina aiki yau ba. Ni kuma ina ganin cewa kwaikwayon da yake haɗiye komai ƙofa ce a buɗe ga mai mugun nufi. Shin akwai wata ƙa'ida da masu kula da KVM da QEMU, sananniyar manhajar tayar da kwamfutocin kwaikwayo, suke bi a irin wannan, ko kuwa kowa da yadda ya ga dama?

Injiniya Bakatsine:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Niyyarka mai kyau ce, amma ka sa tantancewar a inda ba wurinta ba, kuma ina jin zan iya gaya maka abin da ya sa baƙon ya cije tun ban ga rubutun manhajar ba.

Baƙo ba ya rubuta layin jadawali a bugu ɗaya. Yana fara rubuta lambar gurbin da yake so a rajistar zaɓi da take adireshin 0xFEC00000, sannan ya rubuta bit 32 ta tagar da take 0xFEC00010, ya sake zaɓar gurbi na gaba, ya rubuta ragowar rabin. Ke nan tsakanin rubutu na farko da na biyu, layin yana cikin wani hali na wucin gadi wanda ba lallai ya yi ma'ana ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda Linux take share layi: tana rubuta shi da sifili a ko'ina, in ban da bit na 16, wanda shi ne na toshewa. Lambar katsewa a wannan rubutu sifili ce, wato ƙasa da 0x10, don haka facinka ya yi watsi da shi. Baƙo yana zaton ya toshe layin, alhali layin yana nan a buɗe da tsohuwar lambarsa, kuma da zarar na'urar da take bayansa ta motsa, katsewa za ta faɗa wa furosesar da ba ta shirya mata ba. Ka ƙara da cewa takardar da ka karanta ɗin ita da kanta ta ce idan nau'in isarwa SMI ne, dole lambar ta zama sifili, kuma a nau'o'in isarwa na NMI da INIT da ExtINT ba a ma kallon lambar.

Na'urar gaske ba ta da hanyar ce wa furosesa “na ƙi wannan rubutu”. Tana karɓa, ta kare bit ɗin da ba a rubutawa, irin na 12 mai nuna halin isarwa da na 14 mai nuna cewa ana jiran kammala katsewa, sauran kuma sai lokacin isarwa ya zo ake sanin amfaninsu. Saboda haka wurin duba lambar katsewa da nau'in isarwa shi ne lokacin da za ka aika saƙon, ko lokacin da za ka sanar da KVM hanyar da layin zai bi, kuma ga layin da ba a toshe ba kaɗai. Idan a lokacin ka tarar da nau'i na 3 ko na 6, sai ka ƙi aikawa, ka rubuta a rahoto. Baƙo mai lafiya ba zai taɓa lura da wannan ba.

Batun bit na 17 zuwa na 55 kuwa yana buƙatar natsuwa, domin abin da aka keɓe a 1996 ba shi ne keɓaɓɓe a yau ba. Lokacin da Intel ta kawo sake taswirar katsewa a cikin VT-d, wato IOMMU ɗinta, na'urar da take shiga tsakanin kayan aiki da ƙwaƙwalwa da furosesa, bit na 48 ya zama alamar cewa layin yana cikin sabon fasali, kuma bit na 49 zuwa na 63 suka koma lambar gurbi a wani jadawali dabam. Sannan wajajen ƙarshen 2020, ta hanyar aikin David Woodhouse, KVM ya samu damar shaida wa baƙo cewa zai iya amfani da bit na 49 zuwa na 55 ya faɗaɗa lambar furosesar da ake nufi daga bit 8 zuwa 15, don a iya kai katsewa ga furosesa fiye da 255 ba tare da IOMMU ba. Don haka kafin ka yanke wa yanayoyin da suka ƙi dawowa hukunci, ka buɗe su ka ga ainihin bit ɗin da suke kunne. Idan daga na 48 ne zuwa sama, kuma kun ba wa waɗannan baƙin IOMMU na kwaikwayo, to su ne a kan daidai. Idan kuma tarkace ne kawai da tsohuwar sigarku ta bari suka zauna, to ku ne kuka rubuta wannan fayil, kuma ba adalci ba ne ku ƙi karɓar abin da hannunku ya adana. Ka share bit ɗin a lokacin lodi, ka ci gaba.

Linus Torvalds ya daɗe da kafa dokar cewa gyaran kanel ba ya karya manhajar da take aiki a kansa, kuma masu kula da KVM suna ɗaukar baƙo da adanannen yanayinsa a matsayin waɗanda dokar ta shafa. A nan ina tare da abokin aikinka.

Malama Bakanuwa:

Injiniya ya warware batun cijewar baƙon sarai, kuma ba ni da abin da zan ƙara a kai. Inda nake da ja shi ne jimlarsa ta ƙarshe, domin abokin aikin ya ce a janye facin gaba ɗaya, kuma ina tsoron Malam Bazazzagi ya karanta wannan ya koma ga kwaikwayon da ba ya duba komai.

A 2013 an sami aibi a IOAPIC ta cikin KVM ita kanta, wanda aka yi wa lamba CVE-2013-1798. Baƙo zai rubuta lambar gurbi da ta wuce iyakar jadawalin a rajistar zaɓi, sannan ya karanta ta taga. A rubutun manhajar akwai layin da yake tabbatar da cewa lambar ba ta kai 24 ba, amma layin ba ya aiki sai a sigar da aka gina don binciken kurakurai, don haka a kanel ɗin da mutane suke amfani da shi baƙo yana iya leƙa ƙwaƙwalwar mai masauki, wato kwamfutar da take ɗauke da baƙon, ko ya durƙusar da shi. A ɓangaren ARM ma an ga irinsa a QEMU, wato CVE-2021-20221, inda lambar katsewar da ake rubutawa a rajistar GICD_SGIR ta GIC, mai sarrafa katsewa na ARM, wadda ya kamata ta tsaya a bit 4 tunda katsewar da furosesa take aika wa 'yar'uwarta daga 0 zuwa 15 ce, aka bar ta da faɗi fiye da haka, har ta zama hanyar taɓa ƙwaƙwalwar da ba ta jadawalin ba. Babu wanda ya tsaya tambayar ko wani baƙo ya dogara da wannan ɗabi'a kafin a gyara, kuma daidai ne da ba a tsaya ba.

Abin lura a gyare-gyaren biyu shi ne babu wanda aka yi ta hanyar hukunta baƙo. A na farko, idan lambar ta wuce iyaka sai a mayar masa da ƙimar da duk bit ɗinta ɗaya ne, a na biyu kuma aka datse lambar zuwa bit 4. Wannan ita ce tsaurarawar da ba ta da rangwame: duk wata lamba da ta fito daga baƙo kuma za a yi amfani da ita wajen shiga jadawali, ko raba wata lamba, ko auna girman abin da za a kwafa, dole a iyakance ta yau, ga kowane baƙo, tsoho da sabo.

Sannan ban yarda a ɗauki adanannen yanayi a matsayin amintacce don kawai mu muka rubuta shi ba. Fayil ne da yake kwana a faifai, ko rafin bayanai da yake ratsa hanyar sadarwa lokacin ƙaura daga wata saba zuwa wata, kuma idan aka ci galabar sabar da ake tasowa daga gare ta, wannan rafi shi ne hanyar kai hari ga wadda ake zuwa. QEMU ta gyara jerin irin waɗannan aibobi a wajen lodin yanayi, ciki har da CVE-2013-4534 a kwaikwayon OpenPIC, wanda shi ma mai sarrafa katsewa ne. Malam Bazazzagi, ka duba ko kana tantance ƙimar rajistar zaɓi a lokacin lodi, domin ita ma tana cikin abin da ake adanawa, kuma ta fi keɓaɓɓun bit haɗari nesa ba kusa ba. Tarkacen da ba ya cutarwa a share shi, na yarda. Ƙimar da babu wata siga taku da za ta iya adanawa kuwa, a ƙi ta.

Akwai kuma wurin da sassauci kansa kuskure ne. A x2APIC, wato sabon yanayin aikin APIC, ana taɓa rajistocin ne ta MSR, rajistocin musamman na furosesa, daga 0x800 zuwa 0x8FF, kuma a nan na'urar gaske tana da bakin magana: wanda ya kunna keɓaɓɓen bit zai sha kuskuren kariya, wato #GP. Idan kwaikwayo ya haɗiye wannan, mai rubuta tsarin aiki da yake gwaji a kwamfutar kwaikwayo kawai zai fitar da abin da zai faɗi ranar da aka ɗora shi a kan ƙarfe na gaske. Shawarar Jon Postel ta a sassauta wajen karɓa, wadda take cikin RFC 761 na 1980, ta yi amfani a zamaninta, amma RFC 9413 na 2023 ya yi bayanin yadda irin wannan sassauci yake daskarar da kurakurai har su zama ƙa'idar da dole kowa ya bi. Duk abin da kuka yi shiru a kansa bana, baɗi wani ya gina a kai.

Ɗan Damagaram:

Malamaina biyu sun rufe gefe biyu na lamarin. Abin da ya rage shi ne na tsakiya, wato ɗabi'ar da ta saɓa wa ƙa'ida, ba ta cutar da mai masauki, amma baƙo yana iya ganinta. A nan amsar tambayar Malam Bazazzagi ita ce e, akwai hanyar da ake bi, kuma ita ce a bar tsohuwar ɗabi'a a matsayin ta asali, a sa sabuwar a bayan wani zaɓi da sai an nema ake samu.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne LINT0, ɗaya daga cikin layukan shigar katsewa na APIC. A ƙa'ida, bayan an sake tayar da furosesa wannan layi yana toshe ne, da ƙimar 0x10000. KVM kuwa yana barinsa a buɗe da ƙimar 0x700, saboda wani tsohon kuskure na BIOS da ake ɗora wa baƙi. A 2015, maimakon a sauya wa kowa, sai aka ƙirƙiri KVM_CAP_DISABLE_QUIRKS, wanda manhajar waje take kira ta ce ita ba ta buƙatar wannan rangwame. Haka aka yi da lambar 0xFF. A tsohon xAPIC ma'anarta aikawa ga dukkan furosesoshi, kuma KVM ya ci gaba da ɗaukarta haka har a x2APIC don ya taimaki baƙin da ba su da sake taswirar katsewa, alhali a can tana iya nufin furosesa ta 255, ko furosesa takwas na farko a rukunin farko. Linux 4.8 ta 2016 ta kawo zaɓin kashe wannan, kuma wanda bai nema ba yana nan a kan tsohon hali.

QEMU tana yin irin wannan da nau'in inji mai lambar siga. IOAPIC ɗinta ta koma siga 0x20 daga QEMU 2.8, amma injin da aka tayar da sunan 2.7 ko ƙasa ya ci gaba da ganin 0x11. Wannan lamba ba ado ba ce. Siga 0x20 tana da rajistar EOI, ta sanar da kammala katsewa, 0x11 kuwa ba ta da ita, don haka idan Linux ta ga 0x11 kuma tana so ta share bit na 14, sai ta toshe layin, ta mayar da shi nau'in da yake tashi da sauyin sigina, sannan ta dawo da shi yadda yake. Baƙo yana karanta lambar sigar ne lokacin tashi, ya gina halinsa a kanta, kuma idan aka sauya masa ita a tsakiyar ƙaura, an yi gyaran gangar Auzinawa.

A ganina ARM ce ta fi tsabtace wannan tsari. A 2018, da aka gyara yadda KVM yake tafiyar da rukunonin katsewa a GICv2, sai aka yi amfani da gurbin lambar bita da yake cikin rajistar GICD_IIDR. Manhajar waje tana karanta rajistar a inda ta taso, ta rubuta ta a inda ta sauka kafin kowace rajista, kuma takardun KVM sun faɗa ƙarara cewa muddin ba a rubuta GICD_IIDR ba, ana yin biris da abin da manhajar waje ta rubuta a rajistocin rukuni. Idan kanel bai san lambar bitar da aka kawo masa ba, sai ya ƙi tun a farkon lodi, lokacin da baƙo yake nan lafiya a sabarsa ta asali. Ƙin da ya zo a wannan gaɓa alheri ne, domin ƙaurar ce kawai ta fasa.

Ba zan ɓoye cewa hanyar tana da tsada ba. Kowane zaɓi yana ninka yanayoyin da za a gwada, kuma tsohon reshen rubutun, wanda ba kowa yake bi ta kansa ba, nan ne aibi yake samun wurin ɓuya. Shi ya sa QEMU daga siga 9.1 ta sa wa nau'o'in injinta wa'adi: bayan shekara 3 a ayyana su a matsayin waɗanda za a daina, bayan 6 a cire. Ku da manhajarku ta cikin gida ce, kun san baƙinku ɗaya bayan ɗaya, kuna iya gajarta wa'adin sosai.

Bazazzagi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Injiniya, na bi rubutun baƙon kamar yadda ka nuna, kuma rubutun toshewa mai lambar sifili ne facin yake zubarwa. Yanayoyin da suka ƙi dawowa kuma na baƙin da muka ba IOMMU ne, bit na 48 ne a kunne. Malama, rajistar zaɓi ana duba ta a lokacin rubutun baƙo, amma ba a lokacin lodi ba, don haka na raba wannan gyara dabam zai fara shiga.

Saura tambaya ɗaya. Idan muka sa lambar siga a adanannen yanayi kamar yadda Malam Ɗan Damagaram ya kwatanta, yaya za mu yi da komawa baya? Wani lokaci sabuntawa tana zuwa da matsala, sai mu mayar da baƙi kan sabar da take da tsohuwar manhaja, wadda ba ta san da wata lambar siga ba.

Injiniya Bakatsine:

Wannan ita ce tambayar da ta fi wahala, ɗan'uwa, kuma da yawa ba sa yin ta sai ranar da suke buƙatar amsar. Dokar ita ce baƙon da aka tayar a kan tsohon nau'in inji ya ci gaba da fitar da yanayi mai fasalin da tsohuwar manhaja take ganewa, ko da sabuwa ce take ɗauke da shi. QEMU tana cim ma haka da ƙananan sassa a cikin rafin ƙaura, kowane da sharaɗin da yake faɗin ko ana buƙatar aika shi. Idan baƙo bai taɓa sabon abin ba, sashen ba ya fita, tsohuwar manhaja kuma ta karɓi rafin lafiya. Idan ya taɓa, sashen ya fita, tsohuwar ta ga abin da ba ta sani ba ta ƙi, kuma hakan shi ne daidai, tunda ba za ta iya riƙe baƙon yadda ya kamata ba.

Don haka lambar sigar taku ta fita ga baƙin da aka tayar a sabon nau'i kaɗai, kuma rashinta a fayil ya zama yana nufin tsohon hali. Kada ku fara tayar da kowa a sabon nau'in sai sabuwar manhaja ta game dukkan sabobinku. Kafin nan, ku sa sabon binciken ya riƙa ƙirga saɓani yana rubutawa a rahoto ba tare da ya hana komai ba, irin abin da QEMU take yi da zaɓin guest_errors, amma ku iyakance yawan rubutun, domin baƙo mai mugun nufi yana iya cika muku faifai da shi. A gwajinku kuma ku haɗa da ƙaura daga tsohuwa zuwa sabuwa, da daga sabuwa zuwa tsohuwa, kowace da baƙo mai IOMMU da marar shi, kuma a yi ta yayin da katin sadarwa yake cikin aiki, domin a lokacin ne za a kama layin da bit ɗinsa na 14 yake kunne yana jiran EOI.